Uwar da Na Nutsar a Kogi

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

"Ɗaga ƙafarki, Dakta, in share. Ko a jami'ar ba a koya muku ɗaga ƙafa ba?"

Da wannan Leuza ta tarbe ni. Ƙanwata ce, na ba ta shekara uku, amma tun da na shigo gidan nan take kewaye ni kamar kujerar da aka bari a kan hanya. Na ɗaga ƙafa. Ta share ƙarƙashina sau biyu, wurin da ko ƙura babu.

Jiya aka sallamo Kaka Cleta daga asibiti. Shekararta casa'in da biyu. Likita ya ce zuciya ce, ita kuma ta ce matashin kan da suka ba ta ne ba shi da kirki. Na baro Salvador a motar farko, na shiga ɗakinta da jaka a kafaɗa, na durƙusa na sumbaci hannunta yadda muke yi tun ranar da uwarmu ta rasu Kaka ta ɗauke mu.

"Albarka, Kaka."

Amsar guda ɗaya ce, babu yaron da bai san ta ba a garinmu Cachoeira: Allah ya yi miki albarka. Kaka ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kin yi ƙiba, Jussara. Ashe littafi yana ciyarwa."

Ta juya ta fuskanci bango.

Talata, 8 ga Yuli, bakwai na safe

Na sake neman albarka. Ta tambaye ni ko na ga silifanta.

Laraba, 9 ga Yuli, tsakar rana

Leuza ta faɗa mini tana wanke wake, ba ta ko ɗago kai ba. Kaka ta aika kasuwa a tanadar mata ganyen rogo buhu biyu. Ranar Litinin ta sama, ashirin da ɗaya ga wata, za a ɗora tukunya.

Kowa a garin nan yana dafa manisoba, wato miyar ganyen rogo, kuma kowa ya san sai ganyen ya yi kwana bakwai a kan wuta kafin dafinsa ya fita. A gidanmu tukunyar tana da wani aiki. Muna da uwaye bakwai. Ana farawa daga uwar Kaka, a yi ta komawa baya, uwa ɗaya kowace rana, har ranar bakwai a kai ga wadda aka ƙetaro teku da ita. Mai riƙe da labarin sau ɗaya take bayar da shi cikakke, ga mace ɗaya, a ɗakin girkin bayan gida. Mai karɓa tana juya tukunya da muciya tana iza wuta, saboda hannun da ke aiki ba ya riƙe alƙalami. Kafin a ambaci sunan kowace uwa, Kaka takan bugi bakin tukunya sau uku, neman izini.

Na ce, "Wa za a ba?"

"Ke ma kin sani."

"Ina so in ji daga bakinki."

"To ni ce, Dakta. In rubuto miki a takarda?"

Ba kishi nake yi ba. Ina dai lura ne, aikina ke nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina nazarin yadda baƙaƙen matan ƙasar nan suke ɗauko muryar kakanninsu su zuba a ƙagaggen labari. Kundin digirina shafi ɗari huɗu da goma ne. Leuza kuwa idan ta karanta takardar magani sai ta bi layi da yatsa.

An taɓa ɗora wa wata mace tukunyar nan, shekara tara da suka wuce. Ba yau zan yi wannan maganar ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, biyar na yamma

Na bi Leuza dandali, wai in sha iska. Tana zaune bayan kaskonta cikin farar riga mai faɗi da ɗaurin kai, tana jefa ƙosai a manja, tana tsaga shi ta cusa jatan lande da barkono. Na zauna a bencin gefe ina kallonta kamar yadda nake kallon ɗaliba mai shirin faɗuwa jarrabawa, sai dai ba ta faɗi ba.

Kowa yana da abin faɗa mata. Direban mota ya ba ta labarin surukarsa. Wata tsohuwa ta zo ba don ƙosai ba, don ta faɗi mafarkin da ta yi. Leuza ba ta tambayar kowa komai. Tana cewa "to", tana cewa "ka ji fa", hannunta yana aiki, mutane suna zazzage mata cikinsu. Ni na yi kwas guda a kan dabarun hira da tsofaffi, kuma tsofaffi idan sun gan ni sai su gyara zama su fara ba ni tarihin da suka ji a rediyo.

A hanyar gida na ce, "Me za ki yi da labarin idan an ba ki?"

"Me ake yi da shi? In riƙe."

"Shi ke nan?"

"In na tsufa in ba wata."

"Idan kika manta wani wuri fa?"

"Kaka ta manta ne?"

"Ta yaya za mu sani? Wa ya duba?"

Ta tsaya ta sauya wa kaskon kafaɗa. "Ke dai kina da tambaya, 'yar'uwa. Riƙe mini robar barkonon nan, kada ki taɓa ido."

Asabar, 12 ga Yuli, goma sha ɗaya na safe

Sun zo. Na san suna zuwa, an sha turo mini hotuna, amma ban taɓa ganinsu daga tagar gidanmu ba. Mota guda ta ɗalibai, yawancinsu 'yan mata, da fararen kaya da fararen furanni. Suka jeru a bakin kogin Paraguaçu, kusa da gada, wata ta buɗe littafi ta karanta, sauran suka riƙa jefa furanni a ruwa. Na gane bangon littafin daga nesa. Ni na zaɓi launinsa.

Kaka tana kujerarta ta bakin taga.

"Waɗancan me suka yar a kogi?"

Leuza ta ce, "Baƙin Dakta ne, Kaka. Sun zo ta'aziyya."

"Ta'aziyyar wa?"

"Omilade."

Kaka ta juyo gare ni. Wannan ne karo na farko da ta dube ni ido cikin ido tun zuwana.

"Jussara, wace ce Omilade? 'Yar gidan wa ce?"

Na ce suna ne kawai, Kaka, labari ne ƙagagge, haka ake yi. Ban ce a ɗakin karatu na tsinto sunan ba, cikin jerin sunayen Yarabawa, saboda yana da ruwa a cikinsa kuma yana da daɗin faɗa.

Shekara biyu ke nan da fitowar littafin, ban taɓa kawo shi gidan nan ba. Na dogara da cewa Kaka ba ta karatu, Leuza kuma ba ta da lokaci. Ban yi lissafi da ma'aikaciyar jinya ba. Ita ce ta ga sunan gidanmu a katin Kaka, ta riƙe mata hannu ta ce, "Ke ce kakar mai littafin? Na yi kuka a wurin da uwarku ta farko ta shiga kogi ta ƙi fitowa." Kaka ta sa aka nemo littafin. Kwana goma sha biyu tana kwance, Leuza tana karanta mata, da yatsa a kan layi, tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Abin da ya fi cina shi ne, Leuza ta karanta littafina gaba ɗaya, kuma ba ta ce mini komai a kansa ba. Ko "ya yi tsawo".

Lahadi, 13 ga Yuli, yamma

Fure guda ɗaya ya maƙale a gindin gada. Tun safe yake nan.

Talata, 15 ga Yuli, uku na rana

Matar da ke buga littafina ta kira. Za a sake bugu na huɗu, tana son sabuwar gabatarwa. Da ta ji ina Cachoeira, kuma Kaka ba ta da lafiya, muryarta ta yi laushi irin na masu jaje, sannan ta yi kaifi irin na masu kasuwa.

"Ki zauna da ita, Jussara. Ko shafi biyar ne da bakinta. Masu karatu suna son su ji ainihin muryar. Ke kika koya musu son ta."

Na ce zan duba.

Gaskiya ta faɗa. Ni nake tsayawa gaban aji ina cewa, idan tsohuwa ta rasu ba a rubuta abin da ke bakinta ba, mun yi asara. Ina faɗa da murya mai rawa kaɗan, ɗalibai suna rubutawa. Ban taɓa gaya musu cewa akwai tsohuwar da ta ji wannan hujja daga bakina ta ce in miƙo mata gishiri ba.

Kwana tara ba albarka. Yau da na nema, cewa ta yi ruwa zai sauko, a kwashe shanya.

Alhamis, 17 ga Yuli, safe

Ba kishi nake yi ba. Na ga Leuza tana gwada muciyar a hannu, tana auna nauyinta, sai na tuna inda take da tsaga kusa da kai, wurin da ke cizon tafin hannu. Ban faɗa mata ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, biyu na rana

Yau kowa cikin farare, kamar kowace Juma'a. Leuza ta tafi dandali, aka bar ni da tsefe wa Kaka kai. Gashin ya zama kamar auduga, kaɗan ya rage. Na zauna a bayanta, inda ba sai mun haɗa ido ba, na fara jawabin da na kwana uku ina shiryawa.

"Kaka, ni ce babba."

"Haka ne."

"Kuma ni kika fara ɗora wa tukunyar."

"Kwana huɗu."

"Kika ce kin gaji, a sauke. Na yi ta jira ki sake kirana. Shekara bakwai ina jira kafin in rubuta komai."

"Na gaji kam. Na gaji da ɗan jan idon nan da ke ƙifta mini daga bayan gwangwanin gari."

Tsefewar ta tsaya da kanta.

To, ga shi na rubuta. Rikoda ce ƙarama, ta jami'a, tsawon yatsa biyu. Na ɓoye ta a kan kantar ɗakin girki tun ranar farko. Na gaya wa kaina don kada a yi asara ne. Shekara tara ina zaton babu wanda ya sani sai ni da gwangwanin.

"Tun yaushe kika gan ta?"

"Tun ranar farko. Na ce bari in ga ko za ta cire da kanta. Na ba ki ta biyu, na ba ki ta uku. Rana ta huɗu ina ba ki labarin matar da ta binne 'ya'ya biyar, ke kuma idonki yana kan gwangwanin gari."

Na ce uwaye huɗun da ta ba ni ban canza musu komai ba, na rubuta su yadda ta faɗa.

"Shi ya sa suka sandare. Ni duk wadda na ba labarin uwata, da kalar fuskar mai ji nake ba ta. Wannan ban ma yi fushi da shi sosai ba. Amma sauran ukun da ba ki ji ba? Kin ɗebo ganyen da bai nuna ba kin zuba wa mutane a kwano. Kin ɗauki uwarmu ta farko, matar da teku guda bai ci ba, kin tura ta a wannan ɗan kogin da yara ke wanka. Kin ba ta sunan wata. Yanzu 'ya'yan mutane suna zuwa suna yi mana kuka a ƙofar gida."

"Ba a ruwa ta mutu ba?"

"Ba a ruwa ta mutu ba."

"To ta yaya?"

"Tsefe nan, kin bar wani wuri."

"Kaka, sunanta kawai. Ba zan rubuta ba."

"Gobe Asabar, baƙinki za su zo. Ki je ki faɗa musu su daina ɓata furanni."

Asabar, 19 ga Yuli, ɗaya na rana

Na je. Yau su kaɗan ne, ba su kai goma ba. Babu wadda ta gane ni, hoton bayan littafin na shekarun da nake da wuya ne. Na tsaya kusa da wata doguwa mai tabarau, na ce, "Kin san ba a nan ta mutu ba? Marubuciyar ce ta ƙaga. Har sunan."

Ta yi mini murmushin da ake yi wa 'yan gari.

"Na gane, Anti. Amma akwai gaskiyar da ta fi ta abin da ya faru. Inda tarihi ya yi shiru, ƙagaggen labari ne yake mayar mana da uwayenmu."

Kalma bayan kalma, daga laccata ta zangon farko. Har inda nake ɗan dakatawa ta dakata.

Na ce, "Idan kuma uwar tana da masu ita, ba su yi shiru ba, ke ce dai ba a gaya miki ba?"

Ta ce tambaya ce mai kyau, ya kamata in karanta littafin. Ta ba ni fure ɗaya in jefa.

Na kawo shi gida na sa a kofi. Leuza ta tambaya ko saurayi na yi.

Litinin, 21 ga Yuli, tara na safe

An ɗora. Tun shida suka shiga, Leuza ta riƙo Kaka a hannu ɗaya, kujera a ɗaya hannun. Ni an ba ni aikin falo: in amsa sallama, in ce Kaka tana hutawa.

Daga falo ba a jin magana, sai gunaguni kamar na rediyon maƙwabta. Amma bugun tukunya yana zuwa sarai. Ɗaya, biyu, uku. Na san sunan da ya biyo baya, ina da shi a shafi na goma sha tara.

Sai na ji dariya. Leuza ce, irin dariyar da take yi har ta buga cinya, Kaka tana taya ta da tari.

Ni ma an ba ni wannan ranar. Na saurari abin da rikodar ta ɗauka ya fi sau hamsin. Babu abin dariya a ciki ko ɗaya. Na zauna ina bin labarin a kaina daga farko zuwa ƙarshe ina neman inda za a yi dariya, ban samu ba. Ko dai Kaka ta ƙara wa Leuza abin da ta hana ni, ko kuwa yana nan tun da, ni ce hankalina yake kan batir.

Talata, 22 ga Yuli, yamma

Gidan duk warin ɗanyen ganye. Sun sake dariya, sau uku. Na ƙirga.

Laraba, 23 ga Yuli, shida na yamma

Leuza ta fito da tafin hannu a kumbure, daidai inda na san zai kumbura. Na ɗauko man kaɗe na shafa mata, na naɗe da tsumma. Ta bar ni na yi, har ta lumshe ido.

Na ce, "Ki riƙa riƙewa ƙasa da tsagar."

"Yanzu kike faɗa?"

"Yanzu na tuna."

"Ƙarya kike, Dakta." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙe ƙafa a kan tabarma. "Kin san me na gane yau? In Kaka ta tafi, ita ce za ta zama ranar farko. Ni zan ba da labarinta. Ke ma kina ciki."

"A matsayin wa?"

"Jikar da ta nutsar da uwarmu a kogi."

Ta yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Littafina yana ɗakunan karatu a ƙasashe shida. Amma nan da shekara ɗari, idan takardar ta rube, wata yarinya mai muciya a hannu za ta ji labarina a ɗakin girkin nan, kuma yadda Leuza ta ga dama haka zan kasance.

Ba kishi nake yi ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, tsakar rana

Rana ta huɗu. Nan nawa ya tsaya. Daga gobe duk abin da za a faɗa a ɗakin can ban taɓa jin sa ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, biyar na yamma

Ba a yi dariya yau ba. An zuba busasshen nama a tukunya, warin ya fara komawa ƙamshi. Leuza ta fito idonta ja, hayaƙi ko wani abu. Ta tsaya a ƙofar falo tana kallona har na tsargu.

"Mene ne?"

"Ba komai." Ta matso ta ɗora babban yatsa a tsakiyar goshina, inda yake tattarewa idan ina karatu. "Ashe gado ne."

"Gadon wa? Na uwa ta biyar?"

"Ban ce komai ba."

"Me ta yi? Ita ma ta ɗauki abin da ba a ba ta ba?"

"Jussara, bari. Zan yi wanka."

A littafina ta biyar mace ce mai haƙuri, mai waƙa a bakin rijiya. Na ba ta shafi talatin na haƙuri. Yanzu ga ta da goshina, kuma mai tuyar ƙosai ta san abin da ta aikata, ni ban sani ba.

Asabar, 26 ga Yuli, huɗu na yamma

Bayan sun fito Leuza ta same ni a tsakar gida ina kwashe shanya. Ta kama ɗaya bakin zanin gado muna ninkewa.

"Ƙofar ɗakin girkin nan ta kumbura da damina," in ji ta. "In ba an ɗaga ta an ja da ƙarfi ba, ba ta rufuwa. Tana barin kamar tafin hannu."

"Na sani. A gidan nan na girma."

"Na dai faɗa. Wanda ya tsaya wajen tulun nan, komai zai ji. Ni bayana nake ba ƙofa in ina juyi."

"Sadaka kike ba ni?"

"Ƙofa nake ba ki labari."

Ta karɓe zanin ta shige. Na tsaya da 'yan maƙalan shanya a hannu. Da ta yi mini rowa da na san inda zan ajiye ta. Shekara arba'in ina gaba da ita a komai, yau ita ce mai bar mini tsaga a ƙofa.

Asabar, shida da rabi na yamma

Na shiga na gyara kantar ɗakin girki, ta yi ƙura. Wayata ba ta tare da ni a yanzu. Tana iya ɗaukar awa tara ba ta tsaya ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, tara da kwata na safe, cikin mota

Mun wuce gonakin rake. War haka Leuza ta san sunan. Ta san yadda matar ta mutu, ko a gado, ko a gona, ko tana tsakiyar faɗa da maƙwabciya. Kishi nake yi. Ina jin sa a haƙora, kuma ban ga alamar zai bar ni a wannan shekarar ba.

Na aika wa mai buga littafi gabatarwar da take nema, layi biyu: "Ba a ruwa ta mutu ba, kuma ba sunanta ke nan ba. Masu ita sun san sauran." Ta amso da alamar tambaya uku.

Ga yadda aka yi. Na tashi biyar da rabi na haɗa jakata, na nufi ɗakin girki kafin su shiga. Na tarar sun riga ni. Kaka tana kujerarta da bargo a gwiwa, Leuza tana durƙushe tana hura wuta. Tukunyar ta yi baƙi ƙirin, tana ƙamshin da ake ci.

Babu yadda za a yi abin a ɓoye. Na wuce ta gabansu, na miƙa hannu bayan gwangwanin gari, na ɗauko wayar. Na kashe ta, na nuna wa Kaka baƙin gilashin.

"Wannan ba ta da jan ido," in ji ta.

"Ba ta da shi, Kaka."

"An ci gaba."

Leuza ta ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Na ce zan bi motar takwas, ɗalibai suna jira. Na durƙusa na sumbaci hannunta.

"Albarka, Kaka."

"Ba za ki tsaya ki ci manisoba ba? Kwana bakwai kina shaƙa."

"Leuza ta ajiye mini."

"To. Ja mana ƙofa in kin fita."

Na fita na ja ta yadda kowa yake ja. Ta tsaya inda take tsayawa, saura tafin hannu. Jakata tana jingine da tulu, nan na ajiye ta, ban kuma ce ban san dalili ba. Ta tsagar ina ganin bayan Leuza da kafaɗarta tana juyi, da hannun Kaka riƙe da ludayi. Muryar ta sauya ta koma waccan da na sani, mai sauka ƙasa, wadda ba ta amfani da ita wajen neman silifa.

"Yau sai wadda aka ƙetaro da ita. Ki buɗe kunne, ba na maimaitawa."

Ta bugi bakin tukunya. Ɗaya.

Shekara tara. Babu rikoda, babu alƙalami, kunnena ne kawai, kuma kunnen jikarta ne. Na kawo wa kaina hujja uku masu kyau a tsakanin bugu da bugu, da a aji ne da an rubuta su.

Biyu.

Na sa hannu biyu na kama ƙofar ta ƙasan sakata, na ɗaga. Katakon ya yi ƙara a kan dabe. Ludayin ya tsaya a sama. Kaka ba ta juyo ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Allah ya yi miki albarka, Jussara."

Na ja da ƙarfi, ƙofar ta shige gurbinta. Bugu na ukun ban ji shi ba. Na ɗauki jakata na bi ta zaure na fita titi.